Hannu da Shuni

Kakana yana da wata riga kore da ba ta fita daga adaka sai da sallah. Daga nesa baƙa ce wuluk, amma idan ya tsaya a rana sai ka ga tana wani sheƙi ja-ja irin na wuyan tantabara. Tana da nauyi, tana kuma da wani ƙamshi na toka da ganye wanda har yau in na ji mai kama da shi sai zauren gidanmu ya faɗo mini a rai. Idan ya dawo daga Idi ya tuɓe ta, wuyansa da tsintsiyar hannunsa duk sun yi shuɗi, mu jikoki kuwa da muka riƙe masa gefen riga a hanya, tafukanmu sun rine. Mukan ruga wajen randa mu wanke, kakata kuma ta dakatar da mu. "Ku bar shi ya kwana," in ji ta, "wannan ba dauɗa ba ce, arziki ne."

Sai da na girma na gane cewa ba lallashin yara take yi ba, Hausa ce take koya mana. Ko yau ka kunna rediyo, da wuya a kai ƙarshen labarai ba ka ji an yi kira ga masu hannu da shuni su taimaka wa marayu ko su gina wa unguwa rijiya ba. Mai karanta labaran da mai sauraro, akasarinsu ba su taɓa ganin shuni da idonsu ba, sun dai san attajirai ake nufi. Amma an yi zamanin da maganar ba salo ba ce. Marinin da ke kan rami, da fataken da ke ɗaure tufafi a kan raƙumi, da basaraken da ke naɗa ɗan kura, duk hannunsu shuɗi ne, kuma duk a wajensu kuɗin garin yake. Abin ya shuɗe, kalmar ta zauna, kamar sawun da ya bushe a laka bayan dabbar ta daɗe da wucewa.

A bara na koma karofin Ƙofar Mata a Kano, bayan shekaru masu yawa ban leƙa ba. Ramukan sun haura ɗari, amma waɗanda ke da ruwa a cikinsu ba sai ka wahala wajen ƙirgawa ba. Sauran ƙasa da leda sun cike su. Wani dattijo na zaune a bakin nasa ramin, ya tattare hannun riga har gwiwar hannu.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa, sannu kadai, Malam. Saye ko kallo?"

"Kallo ne, Baba, da 'yar tambaya."

"To zauna. Ai baki ne ke amsawa, hannu ba ya tsayawa."

Ya tsoma farin yadi ya juya shi a hankali a ƙarƙashin ruwa, sannan ya ɗago. Abin da ya fito ba shuɗi ba ne. Wani rawaya-rawaya ne mai haɗe da tsanwa, kamar ganyen da ya fara yaushi. Ya ware shi a iska, ina kallo launin ya soma juyawa daga gefe-gefe, tsanwar ta yi duhu, kafin ka ce kwabo ya zama shuɗi. Na ga wannan tun ina yaro, amma har ranar sai da na ji tsigar jikina ta tashi. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa. Haka zai yi ta yi, sa'a guda in shuɗi mai haske ake so, yini guda ko fiye in baƙi ake nema.

"Ramin nan rai gare shi," in ji shi. "In ka matsa masa ya gaji, sai ka bar shi ya huta. In ka bar shi da yunwa, ya mutu."

Masana kimiyya ba su da ja a kan wannan magana. Ganyen baba tsanwa ne, babu shuɗi a cikinsa. Abin da ke ciki wani sinadari ne marar launi, sai an jiƙa ganyen ya ruɓa sannan ya juye ya zama shuni. Shi kuma shuni ba ya narkewa a ruwa, don haka ba ya iya shiga zare. A nan ne aikin rami ya shigo. Ana zuba ruwa da toka da baba da katsi, a rufe, a bar su kwanaki, kullum a zo da muciya a motsa. Cikin wannan ruwa mai kaifin toka wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya, suke hayayyafa. Su ne suke cinye iskar da ke cikin ruwan, su mai da shunin wani abu mai narkewa, wato wancan rawaya-rawayan da na gani. A haka yake ratsa zare. Da an ɗago yadin ya sha iska, sai ya koma shuɗinsa na asali, ya maƙale a ciki. Ashe marini makiyayi ne, garkensa ne kawai ba a gani. Yakan san lafiyar garken da warin ruwan, da kumfar da ta taso a sama, wani har da ɗanɗano a harshe. Kuma in ramin ya mutu ba a yar da komai. A kwashe dagwalo, a kankare laka mai kauri da ta kwanta a ƙasa, a cura ta, a shanya, a ƙone. Ita ce katsi. Wani a mai da shi sabon rami, wani a haɗa laso da shi a shafe bangon ramin ko rufin soro don kada ruwa ya ratsa.

A bakin ƙofar karofin an rubuta shekarar 1498, wato ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya kafa kasuwar Kurmi. Mutane da yawa suna karanta wannan lamba su ɗauka cewa abin da suke gani haka yake tun ranar, ba a taɓa sauya komai ba. Ni ma haka na ɗauka da farko. Amma Philip Shea, masanin tarihin da ya yi shekaru yana koyarwa a Jami'ar Bayero kuma ya yi bincikensa a kan rinin ƙasar Kano, ya nuna cewa a manyan tukwanen ƙasa aka fara yin rini. Ramin da aka shafe da laso sabuwar dabara ce da ta zo daga baya, ta kuma bazu sosai a ƙarni na 19. Tukunya tana da iyakar girman da za ta kai kafin ta fashe, rami kuwa sai inda ƙarfinka ya tsaya. Ruwa mai yawa, tufafi masu yawa, kuɗin rini ya sauka. Wato abin da muke kira gargajiya a yau, wata rana baƙon abu ne, kuma ba na shakka an sami dattijon da ya tsaya a kan tukunyarsa yana cewa rinin rami ba zai taɓa kai na tukunya ba.

Wannan dabara, da zaman da Daular Usmaniyya ta kawo wa ƙasar Kano bayan jihadi, su suka haifi abin da Heinrich Barth ya tarar. Bajamushen, wanda ya yi yawonsa da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851. Ya rubuta cewa ƙashin bayan kasuwancin garin shi ne tufafin da ake saƙawa ake rinawa a nan, kuma suna kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus ta arewa, da Tumbuktu ta yamma, har bakin tekun Atilantika. Ya ƙiyasta kuɗin abin da ake fitarwa a shekara da wuri miliyan 300. Ya kuma yaba da cewa ba a manyan masana'antu masu taƙure ɗan Adam ake yin aikin ba, kamar yadda ya sani a Turai, a cikin gidaje ake yi. Mata na kaɗi, maza na saƙa, marina na rini, masu bugu na zaune a mabuga suna dukan yadi da manyan guduma na itace, ana barbaɗa garin shuni ana bugawa har ya yi wancan sheƙi na rigar kakana. Sunayen wurare ma sun riƙe labarin: Karofin Zage a cikin birnin Kano, unguwar Marina a Sakkwato, garin Karofi a ƙasar Katsina.

Sai dai ba na so in wuce nan ban faɗi abin da masu kewar da can suke tsallakewa ba. Wani kaso mai yawa na audugar da babar da suka ciyar da wannan sana'a bayi ne suka noma su, a gandaye da rinjojin sarakuna da attajirai da ke kewaye da birni. Hannun da ya yi shuɗi a kasuwa, akwai wani hannun a bayansa da ya yi kanta a gona ba a biya shi ba. Ƙarewar bautar nan ma sauyi ne, kuma alheri ne. Duk wanda zai yi kukan abin da zamani ya kwashe, ya kamata ya tuna cewa ya kwashe wannan ma.

Su kansu tsirran ba a wuri ɗaya suka tsaya ba. Baba dangi ne babba, jinsinsa ya haura 700 a duniya, akasarinsu ciyawa ce kawai da akuya ke ci. Daga cikinsu ɗan Adam ya tsinci 'yan kaɗan masu yawan shuni, ya riƙa ajiye irin wanda ya fi kyau shekara bayan shekara, har baban rini ya bambanta da 'yan uwansa na dawa. Manomi kan shuka shi a tsakanin gero da dawa, kuma da yake ɗan uwan wake da gyaɗa ne, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Yarabawa da wani tsiron dabam suke rina adirensu, wanda mu muke kira talaki. A ƙasar Peru an tono guntayen auduga da aka rina da shuni shekara kusan 6,000 da suka wuce, a kogwannin Bandiyagara na ƙasar Mali kuma an sami tufafin shuɗi na ƙarni na 11. Al'ummomin da ba su taɓa jin labarin juna ba, kowace ta gano sirri ɗaya ta hanyarta. Auduga ma haka. Masana tsirrai sun nuna cewa yawancin wadda kakanninmu mata suka kaɗa da mazari, asalin irinta daga nahiyar Amurka ya zo bayan shekarar 1500, tare da masara da rogo da barkono da gyaɗa. Dalar gyaɗar da Kano ta yi tutiya da ita, da tsiron Kudancin Amurka aka gina ta. Mun karɓi baƙin nan, mun saba da su, sun saba da ƙasarmu, har mun manta ba 'yan gida ba ne.

Bugun farko da ya sami shuni daga nesa ya zo, daga inda marinin Kano bai san ana yi ba. Wani masanin sinadarai Bajamushe, Adolf von Baeyer, ya shafe shekaru yana bin diddigin shuni har ya gano yadda ginin ƙwayarsa yake a 1883. A 1897 kamfanin BASF ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, babu ganye, babu gona, babu jiran damina. Cikin shekara ashirin noman baba a Indiya, wadda ita ce ke ciyar da Turai, ya durƙushe. A nan ƙasar Hausa abin bai zo da sauri haka ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kawo yadin Ingila mai araha, amma masaƙa da marina sun daɗe suna riƙe da kasuwarsu. Turawa sun shimfiɗa dogon ne da burin kwasar auduga zuwa masaƙun Lankasha, har suka kawo sabon iri daga Amurka mai dogon zare wanda ya dace da injinansu. Sai ga shi masaƙan gida suna biyan manomi fiye da abin da Bature ke biya. Manoman Kano kuma suka duba, suka ga gyaɗa ta fi riba, in ma ba ta sayu ba a ci, suka juya gare ta tun daga 1912. Ina son wannan labari ƙwarai, domin yana nuna mutanen da sauyi ya zo musu suka tsaya suka yi lissafinsu, suka zaɓi abin da ya fi musu.

Bayan nan masana'antu suka zo gida. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, a zamanin Sardauna, wasu suka biyo baya a Kakuri da Bompai da Sharaɗa. Atamfa ta shiga lefe, ta tura zanen saƙi da bunu ƙasan adaka. 'Ya'yan masaƙa da marina da yawa suka zama ma'aikatan kamfani masu albashi, kuma ba wanda zai zarge su. Abin takaicin shi ne ko shekara hamsin wannan sabuwar rayuwar ba ta cika ba. Rashin wuta, faɗuwar naira bayan 1986, da kwararar yadi mai araha daga Sin, suka rufe masaƙun ɗaya bayan ɗaya. Yau ka shiga Kantin Kwari, kasuwar yadin da 'yan kasuwa ke zuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru, ka ɗaga bandir goma, da ƙyar ka sami ɗaya da aka saƙa a Najeriya. Garin da Barth ya ga yana tufatar da Sahara, yanzu dillalin tufafin wasu ne.

Waɗanda suka fi kowa riƙe amana su ne Buzaye. Har yanzu babu abin da Buzu yake ɗauka da daraja a kansa kamar alashon da aka saƙa da siraran ƙwarya, aka rina, aka buga a Kura, kudu da Kano. Shuɗin da yake bari a fuska ado ne a wajensu, kamar yadda yake a wajen kakata. A bikin Biyanu na Agadas ko taron makiyaya na Ingal za ka ga aikin hannun mutanen Kura yana walƙiya a rana. Amma farin 1973 da na 1984 sun kashe dabbobi ba adadi, wanda kuwa ya rasa garke ba ya sayen rawani mai tsada. Fari a Azbin, mabuga ta yi shiru a Kura.

Duk da haka, ƙarya ne a ce rini ya mutu a Kano. Ƙaura ya yi, daga rami zuwa ganga. Ka zaga lungunan birni ka ga samari a kan rabin ganga da wuta a ƙarƙashi, suna rina shadda da garin launi da sodar kostik, ja da rawaya da ruwan goro da launukan da kakana bai taɓa mafarkinsu ba. Aikin da rami ke yi a kwanaki, su a sa'a guda sun gama. Ana bugu har yanzu, sai dai gezna ce daga Ostiriya ke shan gudumar. Suna da gwaninta, suna ciyar da iyali, suna gogayya da galilar Bamako, kuma ba na raina su ko kaɗan. Amma ruwan da suke zubarwa a kwata yana ƙona fata, ba ya komawa sabon rami kamar katsi, kuma akasarin kayan aikinsu ba a ƙasar nan aka noma ko aka haɗa su ba. Ranar da dala ta tashi, aikinsu ya tsaya.

Su ma na Ƙofar Mata sun sauya. Yadin da ke rataye a can yanzu mai zane-zane ne, wanda mata ke ɗaurewa da zare a cikin gida kafin a kawo rami, da sunaye irin su fadar sarki da amarya da ango. Ba wannan ne ya yi wa Kano suna a Tumbuktu ba, turkuɗi da kore da saƙi ne. Zanen ya ƙaru ne don masu yawon buɗe ido, su kuma suka ɗauke ƙafa bayan hare-haren da aka kai Kano a Janairun 2012.

Na daɗe ina kallon zamani a matsayin ɓarawo. Zaman da na yi a bakin ramin nan ya gyara mini tunani. Sana'ar ba ta taɓa tsayawa cik ba, daga tukunya zuwa rami, daga wannan irin auduga zuwa wancan, kuma kowane sauyi ƙara mata ƙarfi ya yi muddin masu ita ne suka yi shi da hannunsu, da abin da suka sani. Abin da ke ci mini rai shi ne irin sauyin da ake yi mana, wanda ya same mu a matsayin masu saye kawai. Da an bar sanin nan ya ci gaba da tafiya, da wataƙila jikan marini ne zai shiga ɗakin bincike a Samaru ko a Bayero ya zaɓo baba mai ninkin shuni, ko ya gano yadda za a riƙe ran rami a lokacin sanyi. Duniya ba ta daina son wannan launi ba. Wandon jins da samari ke sawa suna wucewa ta gaban karofin, da shuni aka rina shi, sinadari ɗaya da na rigar kakana, sai dai na masana'anta ne. Kuma a Turai da Japan akwai masu biyan kuɗi mai tsoka don su sami wanda aka rina da ganye.

Ina nan zaune wani saurayi ya zo ya durƙusa ya gai da dattijon, ya ɗauki yadin da ya bushe ya shimfiɗa a kan tabarma, ya ɗauki hotonsa da waya. Jikansa ne. Wata mata ce a Legas take so ta gani kafin ta turo kuɗi. Na tambayi yaron ko ya iya haɗa rami. Ya ce yana tsomawa yana ɗagowa, amma haɗin sai Baba.

Sai na juya wajen dattijon. "Baba, wa ke noma muku baban?"

Ya ɗan yi shiru yana matse yadin da ke hannunsa. Ya ce wani tsoho ne a wani ƙauye can kudu, tun zamanin mahaifinsa gidansu ke kawo musu. Bara buhunan da ya kawo ba su kai rabin na da ba. 'Ya'yansa sun shigo birni, ɗaya na tuƙa adaidaita, ɗaya na tsaron shago, gonar kuma an saka mata masara.

"To in ya daina fa, Baba?"

"Akwai na gwangwani a kasuwa," in ji shi. "Yana rinawa. Amma ni ban iya magana da shi ba."

Aka kira azahar a masallacin da ke kusa. Ya rataye yadin a kan igiya, ya jawo murfin ciyawa ya kife a bakin ramin, ya ce wa jikan kada ya bari kowa ya buɗe, gobe da asuba za a motsa. Ya ɗauki buta ya tsuguna ya fara alwala, ruwan na sauka daga hannunsa fari tas, shuɗin bai ko motsa ba.